Cinyar Ragon da Na Mayar wa Kawunka

Gaya, farkon damina

Ɗana Iliya,

Ina gaishe ka da sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allah ya kai ka Yamai lafiya, ya tsare motar da ka shiga daga ramukan hanyar Doso, ya ba direba ido, ya sa ka sauka da ƙafafunka. Na ce kada ka buɗe takardar nan sai kun wuce mararrabar Yelu, don na san in ka karanta ta a tasha za ka ɗago ka dube ni, ni kuwa in aka dube ni sai bakina ya kama aiki. Ka san ni. Ban daɗe da haura talatin ba, amma a garin nan babu wanda ban taɓa gaya wa magana ba, daga mai gadin duwan, wato kwastan, har sarkin kasuwa. Alƙalami ya fi ni haƙuri. Ban yi lakwal ba, ban taɓa zama a aji ba, da kaina na koyi baƙaƙen nan a gindin bishiyar da nake gyaran kekuna, har yau kuma a hankali nake jansu kamar mai liƙin taya. Kafin in kai ƙarshen layi, rabin fushin ya huce.

Ba ni na haife ka ba, wana Dauda ya haife ka, amma tun da ya kwanta dama ni ne babanka, kuma a matsayin nan nake rubutu.

Ga abin da ke gabanmu. An kira ka ka koyi aikin anfirme, wato jinyar marasa lafiya, a babban asibiti. A duk faɗin Yamai gida ɗaya ne kake da hakkin shiga ka ajiye tabarmarka, gidan Kawu Seini, wan Innarka, mai motocin kaya. In bai karɓe ka ba, ba wurin kwana, ba tuwo, karatun ya tashi, ka dawo ka riƙe mini famfo. Na aika masa da roƙo ta bakin direbansa, wannan da kake zaune bayansa yanzu. Da ya dawo, ya tsaya a rumfata yana sosa ƙeya, ya ce, "Yohanna, ni ɗan aike ne, kada ka ci ni. Maigida bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi in tambaye ka, yaron zai ci abincin gidansa, ko shi ma za a dawo masa da shi a kan faifai?"

Tambayar nan za ka tarar a ƙofar gidan. Kana ƙarami lokacin da na haife ta, kukan da ka yi kawai kake tunawa. Bari in gaya maka sauran.

Mahaifinka ne ya fara bin hanyar Almasihu, a hannun Malam Bitrus, tsohon anfirmen nan da ya zo mana daga wajen Kamba. Ya bi, bai ɓata da kowa ba. Innarka ta ci gaba da sallarta a ɗakinta, shi ke ɗebo mata ruwan alwala in tulu ya ƙare. Ni da na shigo daga baya, sai na ɗauka an miƙa mini garin Gaya ne in kwance shi in gyara kamar keke. Shekarar da ya rasu, ruwan baftisma bai gama bushewa a kaina ba.

Sallar layya ta zo, Innarka ba ta daɗe da fita takaba ba. Ka san yadda ake yi: a feɗe raguna, a baje su a kan sanduna, a jera kewaye da wuta tun hantsi har yamma, washegari a rarraba. Kawunka yana nan Gaya a lokacin, motarsa ɗaya tak. Bai aiko kowa ba. Da kansa ya ɗauko cinya, ba wuya ba, ba haƙarƙari ba, cinya, irin wadda ake kai wa surukai da manya. Ya shigo ya gai da ƙanwarsa, ya ajiye, ya tafi. Na dawo daga aiki na tarar da kai zaune gaban faifan, hannunka a wanke, kana jira a yanka maka. Ban tambayi Innarka ba. Na ɗauke faifan, ko rufewa ban yi ba, na ratsa kasuwa da shi, na bi ta tasha, mutane suna cewa, "Yohanna, ina za ka da nama?" Na same shi a ƙofar gidansa cikin baƙi, na dire faifan a gabansa.

Na ce, "Malam Seini, ga namanka. Mu an riga an yi mana yanka sau ɗaya, ba mu jiran na rago."

Tun daga gida na shirya maganar, ina jin zaƙinta a bakina. Na zaci zai yi musu in buɗe masa karatu. Ya dubi naman, ya dube ni, ya ce, "Ƙanen Dauda, ai ba kai na kawo wa ba. Maraya na kawo wa." Ya juya ya ci gaba da hirarsa.

Na wuce wurin Malam Bitrus ina jiran yabo. Na same shi yana wanke wa wani mai jaki gyambo. Bai ko ɗago ba ya ce, "Na ji an ce yau ka yi wa'azi da cinya. Mutum nawa suka tuba?" Na ce ai naman hadaya ne. Ya ce, "Kai ka ga nama kake mayarwa. Waɗanda ke zaune a ƙofar, hannun mutum suka ga an ture. Ni nawa rabon na cinye shi da yaji, ban ji bangaskiyata ta ragu ba."

Har yau masu bi ba su gama da zancen nan ba. Ran Lahadi ba mu cika tabarma biyu ba, amma a tayar da maganar naman Sallah sai mu rabu gida uku. Ga inda na tsaya yanzu. Abin da aka ajiye maka a gidan kawunka ka ci, ka gode wa Allah a zuciyarka, ka gode wa maigida da bakinka. Ɗan'uwa mai bi da zuciyarsa ba ta ba shi ya ci ba, kada ka yi masa dariya, amma ka gaya masa ya ƙi a ɓoye, kada ya ratsa kasuwa. Abu ɗaya ne ba za ka yi ba: kada ka shiga sahu don a bar ka ka kwana. Sallar da ba ka gaskata ba wasa ne da su, wasa ne da Ubangijinka. In an kira salla ka cika butoci, ka kau da takalma daga hanya, ka zauna shiru. In azumi ya zo kada ka tauna komai a gaban mai ƙishi. In aka tambaye ka me ka gaskata, ka faɗa a taƙaice, da murya irin ta mahaifinka. In ba a tambaye ka ba, aikinka ya faɗa.

Bayan cinyar nan kawunka ya kai ƙara. Ya ce ba zai bar ƙanwarsa da ɗanta a gidan da ake ɗauke nama daga gaban yaro ba. Ka lura da kyau, bai ambaci addini ba. Ni ne na yi ta yawo ina cewa ana tsananta mini saboda Almasihu, har ina jin daɗin hakan.

Muka je gaban alƙali, da dattawa biyu masu taya shi. Aka ce in rantse zan riƙe ka da amana. Aka kawo littafinsu, na ce ba nawa ba ne. Alƙalin mutum ne mai sanyi, ya ce to a kawo naka. Na ce nawa ya hana ni rantsuwa. Ɗaya dattijon, wani mutumin Junju, ya ce, "To a ɗauko masa guduma daga maƙera mana ya rantse da ita, ko ita ma ta yi masa ƙanƙanta?" Aka yi dariya. Da na yi shiru da an wuce wurin. Sai na ce, "Baba, kai da kake rantsuwa tun kafin a haife ni, gonar wa ka taɓa mayarwa?" Dogari ya riga ya kama mini wuyan riga, alƙali ya ce a sake ni, zafin rashin ɗan'uwa ne.

Daga nan na yi wauta ta biyu, wadda ta fi ta farko. Na sa farar rigata, na fito da gicciye waje inda za a gani, na tafi biro, ofishin gwamnati, wurin kumandan. A raina Anasara ɗan'uwana ne, daga ƙasarsu aka kawo saƙon, yana ganina zai tashi. Tafinta ya ce, "Ya ce me kake so?" Na ce, "Gaya masa ni Kirista ne kamarsa." Kumandan ya yi dariya har ya ajiye tabarsa, ya yi magana doguwa. Tafinta ya gajarta mini: "Ya ce shi rabonsa da ɗakin sujada tun ranar aurensa. Ya ce maganar 'yan ƙasa ce, ka koma wurin alƙalinku, kuma ka goge ƙafa in za ka sake shigowa."

Ka san wa ya ci shari'ar? Ba bakina ba, ba Anasara ba. Alƙali ya juya ya tambayi Innarka abin da take so. Ta ce, "Allah gafarta malam, wana yana da gaskiya, wannan yaron bakinsa ba ƙofa. Amma da Dauda ya kwanta ciwo, shi ya goya shi zuwa wurin likita. Ina nan inda aka binne mijina, ɗana ma yana nan." Kawunka ya tashi ya kaɗe rigarsa. Bai daɗe ba ya kwashe iyalinsa ya koma Yamai. Innarka ta zaɓe mu, ta rasa wanta, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba. Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

Don haka, kada ka taɓa ɗaukan farar fata a matsayin shaidar bangaskiya. A asibiti za ka yi aiki ƙarƙashinsu, ka ba su girman aiki, ka koyi duk abin da ke hannunsu, amma kada ka je musu da gicciye a waje kana neman gata. Rantsuwa kuwa, har gobe ba na yi, kai ma kada ka yi. Sai dai akwai yadda ake cewa, "Ranka ya daɗe, addinina ya ce maganata ta isa, in na yi ƙarya a hukunta ni," ba tare da an tona wa tsoho asiri ba.

A Yamai za ka ji ana gardamar wace shari'a za a bi in Anasara sun tafi. Wasu daga cikinmu suna so a yi wa masu bi kotu tasu dabam. Ni ban yarda ba. In muka keɓe kanmu da kotu, gobe za a keɓe mana rijiya. Shari'a ɗaya nake so, wadda za ta tambayi mace abin da take so kamar yadda alƙalin nan ya tambayi Innarka, wadda kuma ba za ta hana mutum gadon ubansa don ya sake addini ba. Gonar kakanka ta bakin kogi, wadda ni da Dauda muka sassabe da hannunmu, wasu ke nomanta yau, wai mu mun fita daga gado. Nan kam ban huce ba, ka ga ma yadda rubutun ya karkace. Zalunci ne, zan faɗa a ko'ina. Amma ka ga, kawunka ba ya cikin waɗanda suka ci gonar, shi kuma na je na zuba wa fushin.

Sai maganar ƙuri'a, wadda ta cika gari yanzu. Tun da aka fara zancen parti ake yi mana kallon karnukan Anasara, wai mu ne za mu roƙe su su zauna. Abin yana ci mini rai. Ni wanda ubana ya fasa duwatsun hanyar nan da kake bi a zamanin aikin tilas, ya dawo da tari bai sake noma ba, ni za a ce wa ɗan Anasara? Ran wata kasuwa, lokacin zaɓen da ya wuce, masu cewa a tafi yau yau suka tsayar da mota a tasha. Ba wanda ya gayyace ni. Na hau bayanta don kawai in nuna wa Gaya ko ni wane ne. Bakina ya yi daɗi ranar, har masu zagina suna tafi. Ina cikin haka sai ga motar kawunka ta shigo, ta kwaso mutanen ɗaya partin, masu cewa a bi a hankali. Na nuna ta da yatsa na ce, "Ga bayi nan an kawo, an yi musu lodi kamar buhunan gyaɗa." Ka san nauyin kalmar nan a ƙasarmu, akwai waɗanda in ka faɗe ta kakanninsu ka taɓa. Duwatsu suka fara tashi.

Ni ko ƙwarzane ban samu ba. Wata tsohuwa mai sayar da gishiri daga Tunuga ce dutse ya fasa wa goshi. Na ɗauke ta zuwa wurin Malam Bitrus, jininta a rigata. Yana ɗinki tana cewa, "Ɗan nan, wace parti ce ta jefe ni? In sani, kada in ba ta ƙuri'ata." Ba wanda ya iya gaya mata. Ni na san bakin da ya jefe ta.

Ra'ayina bai sake ba. Ina so su tafi, ƙasa ta koma hannun masu ita, kuma ba na jin tsoron zama cikin Musulmi ba tare da kumandan ba, tunda na ga iyakar abin da kumandan zai yi mini. Amma wanda ya ce a bi a hankali ba bawa ba ne. Kawunka yana da mutane da yawa da ke ci daga motocinsa, yana tsoron a rufe hanya, tsoronsa kuma ba na banza ba ne. Gidansa cike yake da 'yan partinsa. In ya ce ka wanke mota, ka wanke. In ya ce ka kai wa baƙi ruwa, ka kai. In aka ce ka hau ka yi waƙar zagin wasu, ka ce muryarka ba ta da daɗi, ba ƙarya ka yi ba, na ji ka ran Lahadi. Ranar da ka isa jefa ƙuri'a, kada ka sayar da ita, kada kuma ka yi tallarta. Masu mulki, farare ne ko baƙaƙe, ka yi musu addu'a, kada ka yi musu sujada. Kuma duk wanda aka kawo asibiti da fasasshen kai, kada ka tambayi partinsa.

Giya ba sai na ja ba. Mutane sun ɗauka Kirista shi ne wanda aka halatta wa kwalba. Na taɓa ƙetare kogi zuwa Dahome na sha don in nuna ni 'yantacce ne, masu kwalekwale suka kwaso ni kamar mataccen kifi, garin nan ya yi wata yana cewa ga addinin Yohanna. Ko wani ya ce maka kaɗan ba laifi, a gidan kawunka kaɗan ɗin ma ya yi yawa. Maganar tayoyin da nake shigowa da su daga Kamba ta bayan duwan kuwa, kada ka tambaye ni. Ni da Ubangiji ba mu gama wannan zancen ba. Ina ce masa ba shi ya ja layin iyakar nan tsakaninmu da 'yan'uwanmu ba, shi kuma bai ce mini na yi daidai ba. Kai dai kada ka ɗauki kayan kowa a jakarka.

To, ga ƙofar gidan. In kun isa, kada ka shiga da kayanka. Ka ajiye su a waje, ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaishe shi yadda Innarka ta koya maka, da Dandanci in ka ga fuskarsa a ɗaure, harshen uwarsu ne, yana sassauta shi. Ka isar da gaisuwar ƙanwarsa tukuna. Zai yi maka tambayar, ko da baki ko da ƙwarya. In aka kawo abinci ka wanke hannu ka ci, ka ci sosai, kada ka yi irin cin baƙo. In ya zage ni, ka bar shi ya gama, yana bina wannan. Kada ka kare ni.

In ya gama, ga saƙona. Na so in rubuta masa, amma ba a takarda na mayar da naman ba, a gaban mutane na mayar, don haka ka jira sai akwai mutane a ƙofar. Ka ce: Yohanna ƙanen Dauda yana gaisuwa. Ya ce yana nan a kan addininsa, ba zai ɓoye maka ba. Ya ce layya ta kusa. Ya ce in da rabon Gaya a ragon bana, yana roƙo, ko wuya ne, ko ƙashi. Direba ya sauke a tasha, kada ya kawo gida. Shi zai zo da faifai ya ɗauka, ba zai rufe ba, ta kasuwa zai bi.

Innarka ta ji lokacin da nake gwada maganar a bakina. Ta ce, "Kai ne za ka roƙi nama, Yohanna?" Na ce ni ne. Ta ce, "To bari in nemi yaji."

Allah ya buɗe maka ƙofar nan, ɗana. Ya tsare ka daga zazzaɓi da mugun aboki da irin bakina. Ya sa hannunka ya zama sanyi ga marasa lafiya, ya kiyaye fitarka da shigarka, ya dawo mana da kai muna raye. Alherin Ubangiji ya zauna tare da kai, da gidan da za ka kwana a ciki.

Ni ne babanka ƙarami,
Yohanna mai keke